Zuciya da Zagayawar Jini

Zuciya tsoka ce mai rami a ciki, tana zaune a ƙirji tsakanin huhu biyu, bayan ƙashin ƙirji, kuma kusan kashi biyu cikin uku na jikinta ya karkata hagu. Girmanta ya kai dunƙulallen hannun mai ita, nauyinta a jikin baligi giram 250 zuwa 350. Aikinta tura jini cikin jijiyoyi domin iskar oksijin da abinci su isa kowace gaɓa.

Ƙira da aiki

Ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi. Jinin da ya gama zagaya jiki yana shiga ɗakin sama na dama, ya gangara na ƙasa, daga nan a tura shi huhu ya ɗauko oksijin. Sai ya dawo ɗakin sama na hagu, ya sauka na ƙasa, wanda ke harba shi cikin babbar jijiya zuwa jiki duka. Bangon wannan ɗaki na ƙarshe ya ninka na dama kauri kusan sau uku, saboda shi ke da aikin ƙarfi. Akwai bawul huɗu, wato ƙananan ƙofofi masu buɗewa ta gefe ɗaya, da ke hana jini komawa baya, kuma rufewarsu ce ke ba da sauti biyun nan da ake ji a kowane bugu.

Bugun yana farawa daga wani ɗan ƙulli a bangon ɗakin sama na dama, mai fitar da saƙon lantarki sau 60 zuwa 100 a minti. Saƙon yana ɗan dakatawa a ƙulli na biyu, kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, don ɗakunan ƙasa su cika kafin su matse. Kowane bugu yana fitar da kusan mililita 70, wato wajen lita 5 a minti ga baligi a hutu. Idan mutum yana zubar da jini, abin da kowane bugu ke fitarwa yana raguwa, sai zuciya ta ƙara sauri don ta cike gurbi. Shi ya sa bugu ke riga matsin jini (ƙarfin da jini ke danna bangon jijiya da shi) canzawa: mai jegon da bugunta ya tashi daga 80 zuwa 115 tana iya kasancewa cikin haɗari ko da matsin jininta bai motsa ba tukuna.

Tarihi

Fiye da shekara dubu likitoci suna bin ra'ayin Jalinusu, likitan Girka da ya yi aiki a Rum a ƙarni na 2, cewa hanta ce ke ƙera jini, kuma jini na ratsawa daga dama zuwa hagu ta wasu ƙananan kafofi a bangon tsakiyar zuciya. Ibn al-Nafis, wanda aka haifa a yankin Dimashƙu wajen 1213 ya rasu a Alƙahira a 1288, ya musanta haka. Ya rubuta, wajen 1242, cewa bangon ba shi da kafa ko ɗaya, dole jini ya bi ta huhu. Wannan bayani ya daɗe ba a san da shi a Turai ba, sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya gano rubutun a ɗakin karatu na Balin. Ko Servetus da Colombo, masanan Turai da suka faɗi irin wannan a ƙarni na 16, sun san aikinsa, masana tarihi ba su daidaita ba.

A 1628 William Harvey na Ingila ya nuna da lissafi cewa jinin da zuciya ke fitarwa a cikin rabin awa ya fi duk jinin da ke jiki, don haka jini guda ne ke kewayawa. Bai ga siraran jijiyoyin da ke haɗa masu kai jini da masu dawo da shi ba. Marcello Malpighi ne ya gan su a huhun kwaɗo a 1661. Kayan aunawa sun zo daga baya. Laennec ya naɗe takarda ya saurari ƙirjin wata majinyaciya a Faris a 1816, abin da ya haifar da na'urar sauraren ƙirji. Riva-Rocci na Italiya ya kawo maɗaurin damtse mai iska na auna matsin jini a 1896, Korotkoff na Rasha kuma a 1905 ya bayyana sautukan da ake saurare da shi har yau.

Auna bugu

Ana ɗora yatsu biyu ko uku a wuyan hannu ta gefen babban yatsa. Ba a amfani da babban yatsan mai aunawa domin yana da nasa bugun. Idan bugun na tafiya daidai, a ƙirga daƙiƙa 30 a ninka. Idan yana tsalle, sai minti ɗaya cur. Ban da adadi, ana lura da ƙarfinsa da daidaituwarsa. Kafin a ba da digoxin, wani maganin ciwon zuciya, ana sauraren bugun a ƙirji tsawon minti, tsakanin haƙarƙari na biyar da na shida a hagu, kuma idan bai kai 60 ba a baligi ana dakatar da maganin a sanar da likita.

Auna matsin jini

Nan ne kuskure ya fi yawa, kuma galibinsa gaggawa ce ke jawo shi. Majinyaci ya zauna minti 5, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, damtse a tallafe daidai da tsayin zuciya, kuma ya yi shiru. Jakar iskar da ke cikin maɗaurin ta zagaye aƙalla kashi 80 cikin 100 na damtse. Ƙaramin maɗauri a hannun mai ƙiba yana ƙara lamba, ya sa a ɗora wa lafiyayye magani. Babba a siririn hannu yana rage ta. Gefen ƙasa ya tsaya santimita 2 zuwa 3 sama da lanƙwasar gwiwar hannu.

Da farko a busa iska ana jin bugun wuyan hannu har ya ɓace, a ƙara milimita 30 (ma'aunin matsin jini da na'urar ke nunawa) a kan wannan lamba. Tsallake wannan mataki yana da haɗari, domin a wasu masu hawan jini sautin bugun da ake saurare a lanƙwasar gwiwar hannu yakan ɗauke na ɗan lokaci a tsakiya, mai aunawa ya rubuta 150 alhali 190 ne. Sannan a saki iska a hankali, milimita 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Sautin farko shi ne lambar sama, inda sauti ya ɓace shi ne lambar ƙasa. A rubuta abin da aka gani, kada a mai da 138 ya zama 140. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 140/90 ko sama, a rana biyu daban, a matsayin hawan jini. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sauke iyakar zuwa 130/80 a 2017.

Duban jiki

A baƙar fata ba a dogara da launin fata wajen gane ƙarancin jini ko na oksijin. Ana duba harshe, cikin leɓe, cikin fatar ido ta ƙasa da tafin hannu. A danna farce daƙiƙa 5 a saki. Launinsa ya dawo cikin daƙiƙa 2. Kumburi ana danna shi a ƙwauri ko idon sawu, amma wanda ya daɗe a kwance ruwan yakan taru ne a ƙugunsa, don haka a juya shi a duba. Jijiyar wuya da ta cika ta tashi yayin da majinyaci ke kishingiɗe alama ce ta cewa ɓangaren dama na zuciya ya kasa karɓar jini. A tambaye shi matashin kai nawa yake sawa kafin ya iya barci, ko haki na tashe shi da dare. Awon nauyi kullum da safe a sikeli ɗaya ya fi ido gaskiya: ƙarin kilo 1 a kwana kusan lita 1 ce ta ruwa.

Gazawar zuciya bayan haihuwa

Binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 ya sami wannan ciwo da yawa sosai a tsakanin matan Hausawa, ya kuma alaƙanta shi da kunun kanwa, wankan jego da kwanciya a gado mai zafi. Nazarin baya-bayan nan a Kano ya karkata ga ƙarancin sinadarin seleniyam, kuma ba a yanke magana ba. Mai jegon da ta zo da haki, tari idan ta kwanta da kumburin ƙafa cikin watannin farko bayan haihuwa, ana zaunar da ita a miƙe, a auna bugu da matsin jini da numfashi, a kira likita nan take.