Murjani ba dutse ba ne, kuma launinsa ba ya nuna irinsa

Mun saba ganin jan murjani a wuyan amare, shi ya sa da yawanmu ke ɗauka dutse ne. A Turai ma an daɗe ana cewa tsiro ne, har sai da Bafaranshen likita Peyssonnel ya nuna a shekarun 1720 cewa dabba ce. Ƙananan halittu ne masu laushi, kowace da baki a tsakiya da 'yan yatsu kewaye, suna zaune cikin ƙashin da suka gina da kansu.

Masu kiwonsa a tankin gilashi kuma suna da nasu kuskuren: su dubi launi su yanke suna. Launin nan yawanci daga ƙwayoyin gansakuka ne da ke cikin jikinsa, kuma yana sauyawa da ƙarfin haske. Iri ɗaya kan yi ruwan ƙasa a zurfi, ya yi haske kusa da sama.

Ka ƙirga yatsun. Takwas, dangin mai laushi ne, har da jan murjaninmu na Bahar Rum. Shida ko ninkinsa, dangin masu gina tsaunin ƙarƙashin teku ne. Ainihin sunan irin masu gina tsaunin kuwa, sai an duba ramukan ƙashin.

Abin yana damuna, domin wanda bai san abin da ya saya ba zai ba shi hasken da bai dace da shi ba, ya mutu a hannunsa.