Zoben ƙafar tsuntsu ba zinariya ba ne

A ƙauyukan bakin madatsar ruwa ta Dadin Kowa da ke Jihar Gombe, in aka kama tsuntsu da zobe a ƙafa, wani ya ce zinariya ce, wani ya ce na'urar leƙen asiri ce. Duk ba haka ba ne. Yawanci gwangwanin alminiyam ne mara nauyi, ko kuɗin goro ba zai kawo ba. Lamba ce kawai a jikinsa da adireshin waɗanda suka sa shi.

Tun 1899 aka fara wannan aiki na sa wa tsuntsaye zobe don sanin inda suke zuwa, a ƙasar Denmak. Masu bincike, irin na cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos, sukan kafa raga mai laushi da asuba, su riƙa duba ta kusan kowane rabin awa, don tsuntsun da ya daɗe a ciki rana za ta galabaitar da shi. Sai a auna fiffike da nauyi, a matse zobe daidai ƙafa. In ya yi sako-sako yakan maƙale a ƙaya, in ya matse ƙafar ta kumbura.

Wanda ya kama tsuntsu mai irin wannan zobe ya rubuta lambar, kwanan wata da wurin, ya sake shi, ya aika wa adireshin.