Waiwaye: Yadda Ƙarin Ruwa Ya Zama Matakin Farko a Jinyar Ƙuna

Har zuwa farkon ƙarni na 20, likitoci da dama na ganin wata guba ce daga ƙonanniyar fata ke kashe mai ƙuna a kwanakin farko. Daga 1925 aka rungumi shafa sinadarin tanik asid, sai daga baya aka gano yana lalata hanta.

Frank Underhill ne ya karkato da hankali bayan gobarar gidan kallo na Rialto a New Haven, Amurka, a 1921. Ya auna jinin majinyata ya tarar ya yi kauri, domin ruwansa ya tsiyaye daga jijiyoyi ya taru a kumburi da bororo. Gobarar gidan rawa na Cocoanut Grove da ke Boston a 1942, wadda ta ci rayuka 492, ta tabbatar da haka. Bayanta Oliver Cope da Francis Moore suka ɗaura yawan ƙarin ruwa a kan faɗin ƙuna, Lund da Browder kuma suka fitar da taswirar auna jiki a 1944.

A 1951 likita Wallace ya yaɗa ƙa'idar tara-tara ta auna faɗin ƙuna: kai kashi 9 cikin ɗari, kowane hannu 9, kowace ƙafa 18, gaba 18, baya 18, al'aura 1. Ba ta dace da jariri ba, don kansa ya kai kusan 18. Tafin hannun majinyacin da yatsunsa kusan kashi 1 ne.

Lissafin Parkland na Charles Baxter, tun 1968, shi ne ya fi shahara: mililita 4 na ruwan Ringa (wani nau'in ruwan ƙari), sau nauyi a kilo, sau kason ƙuna. Mai kilo 60 da ƙunar kashi 30 za a ƙara masa mililita 7,200 ta jijiya cikin awa 24, rabi a awa 8 na farko. A nan ake yawan tuntuɓe. Daga lokacin ƙonewa ake ƙirga awa 8 ɗin, ba daga isowa asibiti ba. Wanda aka kawo bayan awa 3, saura masa 5. Fatar da ta yi ja kawai ba bororo kuwa ba a sa ta a lissafi.

A 2000 Basil Pruitt ya yi gargaɗi cewa an koma zuba ruwa fiye da kima, har huhu ya cika, ciki da gaɓoɓi su kumbura su danne jijiyoyi. Shi ya sa ake sa robar fitsari ana dubawa duk awa: ana son fitsarin ya kai rabin mililita kan kowane kilo ga babba, mililita 1 ga ƙaramin yaro. Da wannan ake ƙara gudun ruwan ko a rage.