Waiwaye: yadda waƙen Suriyalizim ya taso daga Paris har ya zaga duniya

"Duniya shuɗiya ce kamar lemon zaƙi." Wani sha'irin Faransa, Paul Éluard, shi ya rubuta wannan ɗango a 1929. In ka ji shi karon farko dole ka tsaya ka ce anya, lemo da shuɗi kuma? To ai tsayawar nan da ka yi ita ake nema. A ɗauko abu biyu da ko hanya ba ta haɗa su ba a gwama su wuri ɗaya, irin yadda mafarki ke yi, kana gidanku amma kuma kasuwa ce, kuma a lokacin ba ka ga wani abin mamaki ba. Mu da muka tashi da "baba na ɗaka gemunsa na waje" abin ba zai mana baƙo sosai ba, sai dai kacici-kacici yana da amsa, su kuwa masu irin wannan waƙe, wato Suriyalizim, ba amsa suka nema ba.

Tushen abin yaƙi ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Faransa kaɗai ta rasa sojoji sama da miliyan ɗaya, samarin da suka tsira suka dawo da tambaya ɗaya: in dai hankali da wayewar da ake ta mana kuri da su ne suka kai mu ramukan nan, me ya sa za mu ci gaba da yarda da su? André Breton, wanda daga baya ya zama jagoran wannan tafiya, ɗalibin likitanci ne lokacin, a 1916 aka tura shi asibitin sojojin da suka samu taɓin hankali a Saint-Dizier, yana zama yana sauraron maganganunsu, a nan kuma ya fara sanin ra'ayin Freud, masanin halayyar ɗan Adam, kan mafarki da abin da ke ɓoye can ƙasan zuciya. Kalmar Suriyalizim kanta ba tasa ba ce, Guillaume Apollinaire ne ya ƙirƙire ta a 1917, ma'anarta abin da ya ɗara zahiri.

A 1919 Breton da abokinsa Philippe Soupault suka gwada wani abu: a ɗau alƙalami a yi ta rubutu da gudu, ba tsayawa ba gyara, duk abin da ya zo baki a zuba. Ba ruwansu da amsa-amo ko kari. Robert Desnos kuwa har barci-barci yake shiga a gaban jama'a yana furta baitoci ana rubutawa. A Oktoban 1924 Breton ya fitar da takardar manufarsu, suka buɗe ofis a Paris, suka kafa mujalla.

Da a nan abin ya tsaya, wallahi da ban ɓata lokacina a kai ba, da ya zama wasan 'yan bokon Paris kawai. Abin da ya ja ni shi ne tun da wuri sun taka wa mulkin mallaka burki a bainar jama'a. A 1925 da Faransa ta shiga yaƙin Rif a Maroko don murƙushe Abdulkarim, jagoran masu yaƙi da 'yan mulkin mallaka a can, suka fito ƙarara suka ce ba sa tare da ƙasarsu. A 1931 da aka yi gagarumin baje kolin ƙasashen mallaka a Paris, ana nuna mutane da al'adunsu kamar kayan kallo, suka raba takarda suna cewa kar kowa ya je.

Daga nan fa abin ya bazu. Belgrade da Brussels sun kama tun shekarun 1920, Prague ta kafa ƙungiyarta a 1934 da Vítězslav Nezval, Landan ta yi babban baje koli a 1936, Chile ta samu ƙungiyar Mandrágora a 1938. A Japan Shuzo Takiguchi ya fassara Breton a 1930, kuma a 1941 'yan sanda suka tsare shi wata takwas saboda hukuma na ganin wannan irin rubutu ƙanin kwaminisanci ne. A Alƙahira Georges Henein da abokansa suka fitar da sanarwa a Disambar 1938 suna kare fasahar da 'yan Nazi ke kira lalatacciya, suka kafa ƙungiyar Fasaha da 'Yanci, har da mujallar Larabci, al-Tatawwur, a 1940.

Amma inda ni nake ganin abin ya nuna ya yi daɗi shi ne Martinik, ɗan tsibirin nan na yankin Karebiyan da ke hannun Faransa, jikokin bayi ne akasarin mutanensa. Ka duba halin da ɗan boko yake ciki a can: an koya masa Faransanci tsantsa, an ce masa waƙa ita ce ka kwaikwayi na Paris, har ka yi ta yabon dusar ƙanƙarar da ba ka taɓa gani ba. Tun 1932 wasu ɗaliban tsibirin a Paris, irin su Étienne Léro da René Ménil, suka buga mujalla fitowa ɗaya tak suna caccakar wannan kwaikwayo. Sai Aimé Césaire ya fito da doguwar waƙarsa ta komawa gida a 1939, kuma a 1941 shi da matarsa Suzanne da Ménil suka kafa mujallar Tropiques, a ƙarƙashin gwamnatin Faransa ta Vichy mai ɗasawa da Hitler. Shekarar nan Breton yana gudun hijira zuwa Amurka jirginsu ya yada zango a tsibirin, ya shiga wani kanti zai saya wa 'yarsa ribon, sai ya ga mujallar a ajiye ya buɗe. Ai ba shi ya kai musu ba, tararwa ya yi sun riga sun yi nisa. Ga Césaire, wargaza tsarin jimlar Faransanci ba wasa ba ne, hanya ce ta tono abin da bauta da makarantar Bature suka binne masa. Maganar da ke cikin duhun hotunan ta daɗe tana wuce masu tace rubutu, sai a 1943 suka farga suka hana mujallar fita na ɗan lokaci. Suzanne kuma, wadda ba a cika ambatonta ba, maƙalunta na cikin mafi kaifin abin da aka taɓa rubutawa kan wannan tafiya.

A Haiti abin har titi ya kai. Breton ya yi lacca a Port-au-Prince a Disambar 1945, matasan jaridar La Ruche, cikinsu har da René Depestre mai shekara 19, suka buga fitowa ta musamman, gwamnati ta kwashe jaridar ta kama wasunsu, ɗalibai suka shiga yajin aiki, kafin tsakiyar Janairun 1946 Shugaba Élie Lescot ya faɗi. Ba lacca ce ta kayar da shi ba, tulun ya riga ya cika, amma dai ta ƙara ɗigo.

Kada kuma a wanke su tas. Breton ya riƙa korar abokansa daga ƙungiya kamar mai gidan haya, Desnos ma bai tsira ba, shi da ya ƙare rayuwarsa a sansanin Terezin a 1945 bayan 'yan Nazi sun kama shi. Mata an fi son su a matsayin abin waƙewa, duk da akwai irin su Joyce Mansour 'yar Masar da ta fi maza da yawa zafin alƙalami. Sannan mutanen da ke zagin mulkin mallaka su ne kuma ɗakunansu ke cike da gumaka da kayan tsafin da aka kwaso daga ƙasashen da aka mallaka, wannan kam yana min ciwo. Senghor, sha'irin Senegal, shi ma ya ja layi, a ganinsa hoton da ke waƙar Afirka yana nuni ne ga wata duniya ta gaibu da mutane suka yarda da ita, ba gwajin ƙwaƙwalwa ba ne irin na Turai.

Breton ya sa hannu a takardar mutum 121 masu adawa da yaƙin Aljeriya a 1960, ya mutu a 1966, ƙungiyar Paris ta watse a 1969. Na Prague suka ƙi rufewa duk da matsin gwamnatin kwaminis, a Chicago kuma sabuwa ta tashi tun 1966. Césaire ya riƙe kujerar magajin garin Fort-de-France, babban birnin Martinik, daga 1945 har 2001, ya rasu a 2008, yau filin jirgin saman tsibirin sunansa yake ɗauke da shi.