Ƙwayar magani mai sakin kanta a hankali

Ƙwayar magani mai sakin kanta a hankali ita ce wadda aka sarrafa don ta riƙa fitar da maganinta kaɗan-kaɗan cikin awa 12 zuwa 24, maimakon ta narke gaba ɗaya da isarta ciki. A jikin kwalinta akan ga haruffan SR, CR ko XR, alamar irin wannan ƙwayar ce. Kamfanin Smith Kline & French na Amurka ya fito da irinta mai suna Spansule a 1952.

Abin da ke riƙe maganin shi ne folima, sinadari mai dogayen zaruruwa. Wanda aka fi amfani da shi, HPMC, daga ɓargon itace ko auduga ake samo shi, kuma yakan kai kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari na nauyin ƙwayar. Da ruwan ciki ya taɓa ta sai bayanta ya kumbura ya yi yauƙi, kamar garin kuka da aka zuba wa ruwa, tsakiyar kuwa tana nan a bushe. Maganin da ke saurin narkewa yana tsatsowa ta cikin yauƙin, mai wuyar narkewa sai ya jira yauƙin ya zaizaye. Idan folimar ta yi kaɗan, ƙwayar na farfashewa tun yauƙin bai haɗu ba.

Akwai kuma mai ɓawon da ruwa kaɗai ke ratsawa, da ɗan ƙaramin rami da aka huda da hasken lesa. Ruwa na shiga, ɓangaren da ke kumbura ya tunkuɗo maganin waje. Haka ake yin wasu ƙwayoyin nifedipine na hawan jini, kuma ɓawon kan fita a bayan gida, har mara lafiya ya zaci maganin bai yi aiki ba. Rufin da ake yi wa omeprazole, maganin gyambon ciki, daban ne: tsamin tumbi ba ya narkar da shi, sai a ƙaramin hanji.

A wasu gidaje akan daka wa tsoho ƙwaya a dama a kunu idan haɗiya ta gagara. Ga ƙwaya mai sakin kanta a hankali, yin haka ganganci ne, domin maganin yini guda zai shiga jini lokaci ɗaya. Idan na hawan jini ne, jinin ya faɗi warwas. Taunawa ma haka take. Raba ƙwayar biyu sai da izinin likita ko mai harhaɗa magani. Ɓare ta daga ledarta a ƙulle a takarda da damina shi ma yana jawo mata laima.