Haihuwa ma tana da lokacinta: dare, zafi da watan aure a Kano

Duk wanda ya zauna a cikin gari, Yakasai ne ko Fagge ko Kurna, ya san akwai makon da za a ci suna uku a layi ɗaya, akwai kuma watan da zai shuɗe ba a ga ragon suna ɗaure a ƙofar kowa ba. Kakanninmu sun lura da wannan tun da daɗewa, shi ya sa muke da Anaruwa da Marka da Nomau da Sallau da Azumi, kowane suna yana faɗin lokacin da mai shi ya zo duniya. Ga tambayoyin da na fi ji a bakin mata a gidan suna, da maza a majalisa.

Da gaske ne an fi haihuwa da daddare, ko dai naƙudar dare ce ta fi tsayawa a rai?

Da gaske ne. Sinadarin da ke sa mahaifa ta riƙa murɗawa, wato oksitosin, ya fi ƙarfin aiki da dare, domin a lokacin ne jiki ke fitar da melatonin, sinadarin barci, wanda ke ƙara masa kaifi. A Ingila an bi bayanan haihuwa fiye da miliyan 5, daga 2005 zuwa 2014, aka ga cewa matan da naƙuda ta zo musu da kanta sun fi sauka tsakanin tsakar dare da wayewar gari, musamman wajen ƙarfe 4 na asuba. Jikin Bakanuwa da na Baturiya ɗaya ne a wannan fanni. Idan tsohuwar ungozoma ta ce maka yawancin 'ya'yan da ta karɓa da fitila ta karɓe su, kafin kiran assalatu, ka yarda da ita.

To me ya sa a asibiti ake ganin sababbin jarirai da hantsi?

Wannan agogon ma'aikata ne. Tiyatar da aka tsara tun da wuri da safe ake yin ta, a ranakun aiki, sa ruwan naƙuda ma a ranakun aiki aka fi yin sa. Duk garin da irin wannan haihuwa ta yawaita, sai a ga Talatu da Balaraba sun ƙaru, Asabe da Ladi sun ragu.

Ana cewa idan wata ya cika, daren sha huɗu, ɗakin haihuwa ma cika yake yi.

Ba haka ba ne. An gwada wannan magana sau da yawa, har da wani bincike a Amurka kan haihuwa fiye da rabin miliyan, ba a ga bambanci tsakanin farin wata da duhunsa ba. Inda wata ya shigo da gaske shi ne wajen lissafi. Daga shigar ciki zuwa haihuwa kwana 266 ne a matsakaici, wata tara na Musulunci kuwa kwana 265 ne da ɗoriya. Ashe matan da ke ƙirga cikinsu da tsayuwar wata ba su yi kuskure ba ko kaɗan.

Zafi da sanyi fa, suna taɓa yawan haihuwa?

Suna taɓawa, amma sai bayan wata tara ake ganin sawunsu. A Amurka an fi haihuwa daga Yuli zuwa Satumba, a Ingila kuwa ƙarshen Satumba ne ya fi cunkoso, wato cikin da aka samu a sanyin Disamba da hutun Kirsimeti. Masu bincike da suka bi bayanan Amurka na kusan shekara 80 sun ga cewa duk lokacin da aka yi kwanakin zafi mai tsanani, haihuwa kan ragu bayan wata takwas zuwa goma. Dalilin bai tsaya ga nisantar shimfiɗa ba. Maniyyi yana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ya nuna, kuma ba ya son zafi, don haka zafin yau yana iya rage ƙarfinsa har makonni masu zuwa.

Yanzu ka kawo wannan Kano. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ga rashin wuta, maza a tsakar gida ko bisa dakali, yara a kan tabarma, kowa na neman iska. Cikin da aka samu a wannan lokaci, a hunturu ake haife shi. Na hunturu kuma, Disamba da Janairu, yana sauka a Satumba da Oktoba, ƙarshen damina. Ga mai tsohon ciki, zafin yana da wata illa ta kai tsaye: yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Ta yawaita shan ruwa, ta guji tsayuwa a rana ko gaban murhu da azahar.

Ina batun aure da azumi?

A ganina nan ne Kano ta bambanta da biranen Turai, domin kalanda biyu muke bi a lokaci guda. Bukukuwa kan cunkushe a Rajab da Sha'aban, kowa na so amarya ta tare kafin azumi, sannan a sake buɗe fage bayan ƙaramar sallah. Amaryar Sha'aban, idan rabo ya zo da wuri, a Jimada Awwal za a yi suna, ta Shawwal kuwa a Rajab. To shekarar Musulunci kwana 354 ce, tana ja baya da kusan kwana 11 duk shekara, sai ta zagaye damina da rani cikin kusan shekara 33. Wanda ya duba rijista da watannin Turawa kaɗai, wannan tsari zai ɓace masa. Ga kuma auren gata: a Oktoban 2023 gwamnatin jiha ta aurar da angwaye 1,800 da amare 1,800 a lokaci ɗaya.

Ƙauyukan da ke kewaye da birni nasu lissafin na gona ne. Ana aure da kaka, bayan amfani ya shigo gida an sayar. 'Yan cirani kuma su baro iyali su shigo birni da rani, su koma idan ruwa ya sauka.

Wane lokaci ne ya fi haɗari ga mai ciki?

Tsakiyar damina zuwa farkon kaka, saboda sauro. Zazzaɓin cizon sauro yana shanye jinin mai ciki, yana jawo ɓari da bakwaini da jariri marar nauyi, kuma ya fi kama mai cikin fari. A wajen awo ana ba da ƙwayar rigakafi ta SP daga mako na 13, wata-wata, tare da maganin ƙarin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a je awo sau 8. Gidan sauro kuwa a kwana a cikinsa, kada a yi shingen lambu da shi.

An ba ni rana a asibiti, ta wuce ban haihu ba. Akwai matsala?

Ranar ƙiyasi ce, mako 40 daga farkon al'ada ta ƙarshe. Kusan mace 1 cikin 20 ce ke haihuwa a ainihin ranar. Daga mako 37 zuwa 41 duk lokaci ne. Idan an shiga na 41 shiru, a koma asibiti, kada a zauna ana jiran Shekarau.

Duk wannan wane amfani zai yi wa maigida?

Amfaninsa shi ne ya shirya wa dare. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kusan haihuwa 1 cikin 5 ce kawai ake yi a asibiti a jihar Kano. Wasu al'ada ce ta tsayar da su a gida, amma wasu dare ne ya ritsa da su. A Yulin 2022 ma an hana adaidaita sahu zirga-zirga daga 10 na dare zuwa 6 na safe, daidai sa'o'in da naƙuda ta fi tashi.

Na taɓa tsayawa a bakin titi ƙarfe 2 na dare tare da wani maƙwabcina, matarsa durƙushe a soro, surukarsa riƙe da ita, babu abin hawa ko ɗaya, wayarsa kuma ba caji. Sai da muka buga ƙofa uku kafin muka sami mai mota. Allah ya sa ta sauka lafiya, amma har yau ina jin zafin daren nan.

Don haka da ciki ya shiga wata takwas, maigida ya yi magana da mai motar da zai ɗaga waya ko ƙarfe nawa ne. Ya san inda za a nufa, asibitin unguwa ne ko na Murtala ko na Malam Aminu Kano. A haɗa jaka da zannuwa da kayan jariri da katin awo a ajiye kusa da ƙofa, a ware kuɗi daban, a kuma san ɗan'uwan da zai ba da jini idan an nema. Ya bar izini tun da wuri cewa ko ba ya gida a fita da ita. In an ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko jijjiga, ko faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba, ba a jiran gari ya waye.