Ƙaiƙayin gaba da ya ƙi jin maganin sanyi: tambayoyi da amsoshi

Mace za ta yi shekara biyu ko uku tana fama da ƙaiƙayin gaba, duk kemis ɗin da ta je a ce mata sanyi ne. Ta sha ƙwayoyi, ta yi matsi, ta zauna a ruwan bagaruwa, amma da dare ya yi sai susa har ta ga jini a zaninta, da asuba kuma ruwan tsarki ya taɓa wurin ta ji kamar an zuba barkono. Wasu daga cikin irin waɗannan mata wata cutar fata ce ke damunsu, wadda likitoci ke rubutawa lichen sclerosus a katin asibiti, kuma sau da yawa kandida, wata ƙwayar cuta mai kawo farin ruwa da ƙaiƙayi, na hawa kanta ta ƙara rikita lamarin.

Wace irin cuta ce wannan?

Kumburi ne mai daɗewa a fatar gaba ta waje. Fatar takan yi fari, ta yi siriri tana sheƙi, ta tattare kamar takardar da aka dunƙule aka warware. Farin yakan zagaye gaba ya wuce ya zagaye dubura, kamar an zana lamba 8. Ba ta shiga cikin farji. An fi ganinta a matan da al'adarsu ta ɗauke da kuma yara mata da ba su balaga ba, ko da yake tana kama mace a kowane shekaru. Masana sun fi karkata ga cewa garkuwar jiki ce ke juyowa kan fatar, shi ya sa ake yawan samunta tare da ciwon tayirod, wani sashen jiki da ke gaban wuya.

Idan an bar ta ba magani, takan bar tabo: ƙananan leɓɓan gaba su shafe, fata ta rufe ɗan tsaka, ƙofa ta tsuke har kwanciyar aure ta zama azaba.

A wurin maigida na ɗauka? Zan iya shafa masa?

A'a. Ba a ɗaukarta ta saduwa, ko ta masai, ko ta wanki tare, kuma ba ƙazanta ke kawo ta ba. Ina so maza su ji wannan da kyau, domin zargi ya sha shiga tsakanin ma'aurata a kan abin da babu laifin kowa.

Yaya zan bambance ta da kandida?

Kandida ƙwayar cuta ce dangin fangas, kuma kusan mata uku cikin huɗu sukan gamu da ita ko sau ɗaya a rayuwa. Takan zo da farin ruwa mai kauri, guda-guda kamar tsinkakken nono, ba wari sosai, wurin ya yi ja ya kumbura, kuma cikin mako guda da fara magani an samu sauƙi. Ita kuwa cutar fatar ba ta kawo ruwa. Alamarta farin fata, tsagewa, ƙaiƙayin da ya fi tsanani da dare, da ƙin jin maganin kandida kome yawansa.

Amma ido kaɗai yakan yi kuskure. Likita zai ɗebi ruwan gaban da tsinken auduga a kai ɗakin gwaji don neman kandida, wani lokaci kuma a yi allurar kashe zafi a ɗauki ɗan ƙanƙanin fata a duba. Likitan mata ko likitan fata ake nema, irin waɗanda ke asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri, ko babban asibitin Yamai.

An rubuta mini kulobetasol. Ba shi ne ke cikin man bilicin ba?

Shi ne, kuma tsoronki yana da dalili. Mun ga abin da ya yi wa fuskoki da hannuwan matan da suka shekara suna mulka shi a jiki duka: fata ta yi laushi kamar leda, jijiyoyi suka fito, nankarwa ta tsaga ko'ina. To amma abin da ya jawo haka yawa ne da rashin ƙa'ida. A wannan cuta, kulobetasol mai ƙarfin kashi 0.05 cikin ɗari, wanda aka fi sani da Dermovate, shi ne maganin da ake fara bayarwa a duniya, kuma cutar ce ke cinye fata idan aka ƙi shafa shi.

Tsarin da ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta fitar a 2018 shi ne a shafa kullum sau ɗaya har mako 4, sannan yau a shafa gobe a huta na wasu makonni 4, sannan sau biyu a mako na makonni 4. Ki matso shi a kan ɗan yatsanki manuni, rabin gaɓar ƙarshe ya isa. Ki riƙe madubi ki ga inda farin yake, ki shafa a nan kaɗai, siriri, da dare, ki wanke hannu. Kwali ɗaya mai giram 30 ya kamata ya kai ki wata ukun nan. Idan ya ƙare a wata guda kina zubawa da yawa. Idan kuma shekara ta zagayo yana nan cike, tsoro ya hana ki shafa abin da zai yi aiki, kuma wannan ya fi yawa. Ki nemi mai maiƙo, ya fi kirim sauƙin raɗaɗi.

Bayan wata uku mata da yawa sukan ci gaba da shafawa sau ɗaya ko biyu a mako, ko da ƙaiƙayi ya tafi, domin cutar kwanciya take yi, ba ta barin jiki gaba ɗaya.

Ina cikin shafawa sai ƙaiƙayi ya dawo da zafi. In daina?

Nan ne mata suka fi rikicewa. Sitiroyid, wato dangin magungunan da kulobetasol yake ciki, yana kwantar da garkuwar wurin da aka shafa, don haka kandida takan samu ƙofa. Sai mace ta ɗauka cutar ce ta tashi ta ninka man, kandida ta ƙara yaɗuwa. Ko ta ɗauka man ne ya ƙone ta, ta jefar da shi, cutar ta dawo. Ki koma a yi gwaji. Idan kandida ce, yawanci ana maganinta ne ba tare da an tsayar da sitiroyid ba.

Likitoci sukan fi son ƙwayar fulukonazol miligiram 150 ta sha, saboda mayukan kashe kandida sukan yi raɗaɗi a fatar da ta tsage. Mai ciki ba ta shan fulukonazol, kulotirimazol na cusawa ake ba ta. Idan kandida na dawowa sau huɗu ko fiye a shekara, akan ba da ƙwayar sau ɗaya a mako har wata 6, a kuma auna suga, domin ciwon suga da yawan shan antibayotik suna ciyar da ita. Ki guji mayukan kemis masu haɗi uku, sitiroyid da maganin fangas da antibayotik a kwali ɗaya. Suna lafar da ƙaiƙayi su ɓoye ainihin cutar.

Tsarki da wanka fa?

Ruwa zalla. Ban da sabulun ƙamshi, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, alif, miski da kayan matsi. Bayan tsarki ki ɗan dannanna wurin da tsumma mai laushi, kada ki goga, sannan ki shafa basilin, zai kare fatar daga fitsari, wanda ke ƙara mata zafi. Ki bar rabin sa'a tsakanin basilin da maganin. Kamfai na auduga, marar matsewa. Mai amfani da kwaroron roba ta sani cewa maiƙo yana raunana shi.

Gaskiya ne tana zama sankara?

Tana iya zama, amma ga ƙasa da mata 5 cikin 100, kuma haɗarin yana raguwa ga wadda ke shafa magani a kan ƙa'ida. Ki duba kanki da madubi sau ɗaya a wata, likita ya duba ki aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan kin ga ƙulli, ko gyambon da ya yi makonni bai warke ba, ko wani wuri ya yi kauri da tauri, kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati, ki je a makon nan.